Kabul ɗin antan ya kashe mini na'ura, mi zan saya?

Tambaya: Salam malam. Ni mai gyaran rediyo ne nan Tahoua, na sa an kawo mini NanoVNA, ƙaramar na'urar awon antan, ranar da aka tashi da ƙura na jona mata kabul ɗin antan da ke bisa ƙarfe, shi ke nan ta daina awo daidai. Zan sake sayen wata, kuma akwai jika 20 a gefe, mi zan saya don kada a kuma?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi mayar da alheri. Abin da ya kashe ta wutar nan ce da ke yi maka tsit in ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu. Mutum ba ya ma jin ta sai ta kai wajen volt 3000, alhali wasu ƙananan kayan cikin na'ura ƙasa da volt 100 ya isa ya ƙone su. To busasshen iska da ƙura suna ta goga antan wuni guda, wutar tana taruwa cikin kabul, kai kuma ka zo ka juye ta duka bakin na'ura.

Maganin farko kyauta ne. Kafin ka jona kowane kabul, sa sukurdireba ka haɗa tsinken tsakiya da ƙarfen gefe na ɗan lokaci, emeter, wato na'urar watsa shiri, a kashe, a cire shi daga kabul ɗin. Kullum fa, ko kana sauri.

Kuɗɗin kuma, fara da abin ɗaurawa a hannu mai waya, ka gwada shi da miltimetir, na'urar awon wuta, tun gaban mai kanti, ya nuna wajen megohm 1, wato awon rezistans ɗin da ke cikin wayar mai rage ƙarfin wuta, wannan rezistans ɗin shi ke kare ranka in ka taɓa kuran. Wanda ba waya, ado ne kawai, bar musu kayansu. Kuma kada ka ɗaura tsurar waya a hannu wai dabara.

Amma duka banza ne in atelye ɗinka ba shi da ter, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, gidajenmu da yawa ramin na uku na priz ɗin ba a jona shi ko'ina ba. Don ka samu ter, kafa sandar tagulla a ƙasa, inda ke samun danshi, don yashinmu busasshe ne, kusa da randa ma ya yi. Ragowar kuɗɗin ka sayi tabarmar tebur ta musamman mai sauke irin wannan wutar. Leda da soso, su ma suna tara wutar nan, ka kwashe su daga kan teburin tun yau.