Amsa ga mai tambaya kan 'yarta da ba ta magana a aji

Hajiya, kin ce 'yarki tana SS2, kunya ta hana ta ɗaga hannu a aji, kina son sanin ko da illa. Akwai, musamman a lissafi, inda darasi kan darasi ake ɗorawa. Abin da ya shige mata duhu yanzu zai tare ta a WAEC ko NECO, can kuwa ba mai amsa mata. Ajujuwanmu cike suke maƙil, malami ya ce "kun gane?", kowa sai "eh". Ta ina zai san wanda aka bari a baya?

Kunya tarbiyya ce, ban musa ba. Amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ki ce ta fara da rubuta tambayar a takarda, ta miƙa wa malamin bayan darasi.