Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ritena, Dattin Haƙori da Ƙwayoyin Cutar Baki

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga masu karatu a jihar Sakkwato, kuma duk sun shafi ritena, wato abin da likita ke bai wa mutum bayan an cire masa ƙarfen gyaran haƙora domin kada haƙoran su koma yadda suke a da.

Tambaya daga wata uwa a Mabera: Assalamu alaikum, Likita. An cire wa 'yata mai shekara 16 ƙarfen gyaran haƙora, an kuma ce mu zaɓi ritena: ko ta roba mai haske, ko mai faranti da waya, ko wayar da ake liƙawa a bayan haƙora. Wacce ce ba ta tara datti?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duk ukun suna tara datti, sai dai kowacce da inda take tara nata. Bakin ɗan Adam gida ne ga nau'in bakteriya sama da 700, kuma yawancinsu ba sa cutarwa. Cikin 'yan mintoci bayan an goge haƙora, yawu kan shimfiɗa wata siririyar fata a kan duk abin da ke cikin baki, haƙori ne ko roba ko ƙarfe, sai ƙwayoyin su manne da ita, su hayayyafa, su zama wannan farin datti mai yauƙi, irin santsin da ke kama cikin randa idan ta kwana biyu ba a wanke ta ba. A cikin dattin akwai bakteriya irin su Streptococcus mutans da Lactobacillus, waɗanda ke mayar da sukari ya zama asid, kuma da zarar tsamin baki ya ƙaru har ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori kan fara narkewa.

Mai faranti da waya ita ce mafi daɗewa. Wani likita ɗan Amurka, Charles Hawley, ya gabatar da ita a 1919. Farantinta na robar akirilik ne, wadda ke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma nan ne bakteriya da ƙwayar Candida, wani nau'in fungas, ke samun mafaka. Amfaninta shi ne ba ta lulluɓe haƙoran, don haka yawu yana zagaya su. Ta roba mai haske, wadda ta yaɗu tun daga 1993 da sunan Essix, sumul take lokacin da take sabuwa, amma tana rufe haƙori ruf, ta hana yawu wanke shi, kuma tana karcewa da yawan amfani. Masana sun nuna cewa idan kaushin abu ya wuce maikuromita 0.2 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayoyin cuta kan fi samun wurin kamawa, abin da ya sa tsohuwar ritena ta fi sabuwa tara datti ko da irinsu ɗaya. Wayar da ake liƙawa kuwa, galibi a bayan haƙoran gaba guda 6 na ƙasa daga fiƙa zuwa fiƙa, murɗaɗɗiya ce, kuma ita ta fi sauran tara datti a gindin dasashi domin ba a cire ta a wanke.

A ganina, Hajiya, halin yarinyar ya fi kayan da aka yi ritenar da shi muhimmanci wajen wannan zaɓi. Idan mai kula da tsaftar baki ce amma mai mantuwa da kayanta, wayar ta fi dacewa da ita. Idan kuwa sai an yi ta fama da ita kafin ta ɗauki buroshi, a ba ta wadda ake cirewa. Akwai kuma yanayin da likita ne zai yanke hukunci, misali idan an rufe wushirya, domin ita tana saurin sake buɗewa kuma waya ce ta fi riƙe ta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Arkilla: Ritenata ta roba ta yi duhu kuma tana wari, alhali kullum ina goge ta da man goge baki, ina kuma jiƙa ta a ruwan zafi. Ina shan zoɓo da lemon kwalba da ita a bakina. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, abubuwa ukun da ka ambata duk suna da hannu. Man goge baki yana ɗauke da ƙananan ɓarɓashi da aka tanada domin ɓawon haƙori, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin mutum. A kan roba sai ya bar zane-zane, kuma a cikinsu ƙwayoyin da ke haddasa wari suke zama. Gawayi da toka da gishiri sun fi shi ɓarna. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar har ta daina zama daidai, haka ma barin ta a cikin mota ko bakin taga a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Mafi haɗari shi ne shan zaƙi da ita a baki, domin ruwan sukarin yana shiga tsakanin roba da haƙori ya zauna na tsawon awanni inda yawu ba ya isa, kuma ta haka fararen tabo ke fitowa a haƙoran gaba, waɗanda su ne farkon ruɓewa.

Ka riƙa cire ta kafin cin komai ko shan komai in ban da ruwa. Ka wanke ta da buroshi mai laushi na daban, da sabulun ruwa da ruwan sanyi, sannan sau ɗaya ko biyu a mako ka jiƙa ta a ruwan da aka narkar da ƙwayar wanke haƙoran roba. Wadda ta riga ta karce ko ta tsage ba ta gyaruwa, sai dai a auna maka sabuwa.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tambuwal: Akwai waya a bayan haƙorana na ƙasa. Dasashina yana jini, kuma wani abu rawaya mai tauri ya taru a wurin. Asuwaki nake yi sau da yawa a rana. Bai wadatar ba ne?

Amsa: Malam, asuwaki yana cire datti sosai a fuskar haƙora, kuma ba zan ce ka bar shi ba, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya ko tsakanin haƙora. Wannan rawayan abin dattin ne da ya sha ma'adinan yawu ya daskare, kuma ya fi taruwa a wurin da ka faɗa domin nan ne hanyoyin yawun ƙarƙashin harshe suke buɗewa. Babu buroshi ko asuwakin da zai cire shi, kuma kada ka sa allura ko reza, domin za ka ji wa dasashi rauni ko ka ɓalle wayar. Ka je sashen haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kankare shi da na'ura, a kuma koya maka yadda ake zura zaren sakace ko ɗan siririn buroshi ta ƙarƙashin wayar. Jinin yakan tsaya cikin mako ɗaya zuwa biyu idan aka dage da tsafta, kuma barin goge wurin saboda tsoron jini ƙara kumburin yake yi.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Runjin Sambo: Ina kwana da ritena mai faranti, ganɗata ta yi ja tana zafi, kuma abin ya tsananta lokacin azumi.

Amsa: Malama, wannan ya yi kama da yaɗuwar Candida a ƙarƙashin farantin. Yawu ne ke rage ƙarfin wannan ƙwaya, kuma azumi a lokacin zafi yana busar da baki, barci ma yana rage yawu. Ki yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ki goge haƙora na minti 2 da man da ke ɗauke da fulorayid kafin ki mayar da ritenar, kada kuma ki koma barci da ita bayan sahur ba tare da kin wanke baki ba. Da rana ki wanke ta, ki bar ta ta bushe a cikin akwatinta mai ramukan iska. Ruwan kurkure baki na chlorhexidine yana taimakawa, amma kada a wuce mako 2 ba da umarnin likita ba, domin yana rina haƙora. Ki je likita ya duba ganɗar ya rubuta maganin da ya dace, kuma idan abin yana yawan dawowa, a gwada sukarin jininki, domin masu ciwon sukari sun fi saurin kamuwa da shi.