Auren zumunci ne ya kashe gidan sarautar Habsburg na Sifen?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani sarkin Sifen mai doguwar haɓa, aka ce wai auren dangi ne ya mai da shi haka har gidansu ya ƙare. Gaskiya ne? Don abin ya tsaya min a rai, mu ma gidanmu ana auren zumunci.

Amsa: Malama, Carlos na 2 kika gani, kuma eh maganar akwai ƙamshin gaskiya sosai, amma kwantar da hankalinki, nasu ya wuce irin wanda kika sani.

Su 'yan gidan Habsburg da aure suka ci ƙasashe. Maximilian ya auri Mariya ta Burgundy a 1477, ɗansu Filip ya auri Juana 'yar sarakunan Sifen a 1496, sai ga jikan, Charles na 5, ya tashi da Sifen da Holan da Ostiriya da yankunan Amurka duk a hannunsa. To wanda ya san da aure ya samu ƙasa ai ya san da aure za a iya raba shi da ita, shi ya sa suka koma tuwona maina, da gidan ya rabu reshe biyu, reshen Sifen ya ba reshen Ostiriya 'ya, can ma su maido, ga kuma sharaɗin sai 'yar sarki kuma 'yar Katolika, wanda bayan rabuwar coci tsakanin Katolika da Furotesta ya ƙara rage musu gidajen da za su nema.

Abin bai tsaya kan ɗan wa da 'yar ƙani ba. Sarkin Sifen Filip na 2 ya auri 'yar ƙanwarsa Anna a 1570. Filip na 4 shi ma ya auri 'yar ƙanwarsa Mariana a 1649, yarinyar da tun farko ɗansa aka yi wa baikonta, da yaron ya rasu a 1646 sai uban ya maye gurbi. Kawu da 'ya fa, auren da a Musulunci haramun ne ƙarara, su ma sai da Fafaroma ya ba da izini na musamman. Wannan auren ne ya haifi Carlos a 1661, kin ga kakarsa ta wajen uwa ita ce kuma gwaggonsa.

Ya hau mulki a 1665 bai cika shekara 4 ba. Ya yi jinkirin tafiya da magana, muƙamuƙinsa na ƙasa ya turo gaba har tauna abinci tana ba shi wahala, kullum cikin jinya, mutane suka ce sammu aka yi masa har aka kawo limaman coci su cire masa aljanu. Wani bincike da masana a Sifen suka fitar a 2009 ya nuna kusancin jinin da ya taru a kansa ya ɗan ɗara na yaron da wa da ƙanwa suka haifa, saboda an yi ta maimaitawa kusan shekara 200.

Ni matan gidan sun fi ba ni tausayi wallahi. Yayar Carlos, Margarita, an kai ta gidan kawunta Leopold na reshen Ostiriya a 1666, ta haihu 4, ɗaya ce kawai ta rayu, ita kuma ta rasu tana 21.

Carlos ya yi aure sau 2 bai haihu ba, ya rasu a 1700 ya bar wasiyyar sarauta ga Filip jikan Louis na 14 na Faransa, da haka gidan Habsburg na Sifen ya ƙare. A kan wannan gadon Turai ta gwabza yaƙi daga 1701 zuwa 1714, a ciki Ingila ta ƙwace Gibraltar, wani ɗan yanki a kudancin Sifen, har yau kuma tana hannun Birtaniya.