Amsa ga Ustaz kan koyar da lissafin jami'a da waya

Wa'alaikumus salam Ustaz. Ka ce an ba ka kalkulas na 'yan shekarar farko, ɗalibanka ba mai kwamfuta sai waya, kana tambaya ko saka manhajoji a darasi zai taimaka ko ɓata lokaci ne. Ni ma darasin nake koyarwa a nan Gadarif ta Sudan tun kafin yaƙi, kuma a ganina zai taimaka sosai, amma a wuri ɗaya: inda kake so yaro ya ga abu yana motsi, wanda alli ba zai iya nuna masa ba.

Fara da GeoGebra, manhajar da ke zana lissafi a fuskar waya. Wani ɗalibi ne, Markus Hohenwarter, ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, kyauta ce, tana da Larabci, kuma in an sauke ta tana aiki ko babu intanet. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 jami'o'i da yawa sun koma karatu daga nesa, sannan a Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan duk ƙasar. Duk abin da sai da layi yake buɗewa, kada ka ɗora darasinka a kansa.

Ga yadda nake yi a babin tafadul, wato auna hawa ko gangarar lanƙwasa a kowane ɗigo. Ina sa kowa ya rubuta y = x³ − 3x a wayarsa, ya ɗora ɗigo a kan lanƙwasar, ya ja miƙaƙƙen layin da yake taɓa ta a wurin. Daga nan sai su riƙa jan ɗigon da yatsa a hankali. Layin yana hawa, yana hawa, da an iso x = −1 sai ya kwanta shame-shame, sannan ya fara gangara. A nan nake tsayawa in tambaya: me ya sa ya kwanta? Sai mun sha muhawara kafin in juya allo mu fitar da tafadul ɗin y, wato 3x² − 3 da hannu, mu daidaita shi da sifili, su ga −1 da 1 sun fito. Wallahi yaran da suka haddace ƙa'idar tun sakandare ba su san ma'anarta ba, ranar suke ganewa. Ka ware musu rabin darasin farko don sabawa da madannai, domin yawancinsu da haruffan Larabci sin da sad suka yi shahadar Sudan ta kammala sakandare, x da y suna ɗan rikita su.

Bidiyo kuwa ba sai da wani kaya ba. Jera littattafai, ka ɗora waya kyamara na kallon takarda, ka warware tambaya ɗaya da biro kana magana. Kada ya wuce minti biyar, ka rage nauyinsa kafin ka tura a WhatsApp ko Telegram. Wanda ya samu layi ya sauke, sauran su karɓa daga wayarsa. Ɗalibanmu da yawa 'yan gudun hijira ne daga Khartum da Madani, wani a makaranta yake kwana da iyalinsa, kuɗin data ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne aikin gida. Akwai Photomath, ka ɗauki hoton tambaya ta ba ka amsa mataki-mataki, ga kuma ChatGPT. Hanawa ba ta aiki, ba ka tare da su da dare. Na daina ba aikin gida maki mai yawa. A madadinsa ina kiran mutum gaban allo ba shiri, in canza lamba ɗaya a tambayar da ya kawo, in ce bismillah. Wani lokacin in ba su warwara da na dasa kuskure a cikinta su nemo shi. Jarrabawa kuma takarda da biro, waya a jaka.

MATLAB da ka ambata, manhajar lissafi ta kwamfuta, ka bar shi tukuna, lasisinsa na da tsada kuma 'yan shekarar farko ba su buƙatarsa. In sun kai aljabrar matiris kuma an samu kwamfutoci ko da kaɗan ne, Octave kyauta ce, umarninta kusan iri ɗaya ne da nasa. Ina da fayilolin GeoGebra da na shirya na haddodi da tafadul da takamul, ka yi mini magana in turo maka, ka gyara su daidai da tsarin karatun sashenku. Allah ya taimaka, ya kawo mana zaman lafiya.