Tambaya da Amsa: Wai An Sayar da Tashar Ne, Ko Kuɗin Gas Ne Ya Cinye Mana Shiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Ƙofar Marusa nan cikin Katsina, rediyo shi ne abokin aikina tun safe har in rufe shago. Akwai wata tasha mai zaman kanta da nike saurare shekara da shekaru, amma wata uku ke nan komi ya birkice, filin noma da ake sawa bayan la'asar an ɗauke shi, zaɓi sonka an maida shi rabin awa, wanda ke karanta labarun rana mun bar jin muryarshi, yanzu in ka kunna ko dai mai maganin basir ne ko sojojin baka suna zagin juna. A majalisarmu wasu na cewa wani babban ɗan siyasa ne ya saye ta saboda zaɓen 2027, wasu sun ce a'a kamfani ne daga Legas kuma zai maida ta ta kiɗa zalla da Turanci. Dan Allah miye gaskiyar lamarin, kuma ana iya sayar da gidan rediyo haka kawai kamar shago? Daga mai sauraro, Ƙofar Marusa.

AMSA: Wa'alaikumussalam, sannu da ƙoƙari Malam tela. Da gangan na cire sunan tashar da ka rubuto, don maganar da ba ta wuce majalisa ba bai kamata a liƙa wa gidan mutane ita a mujalla ba, akwai ma'aikata a ciki masu iyali.

Gidan rediyo ba a sayar da shi kamar shago. Gini da janareta da hasumiya da motoci ana iya sayar da su, amma abin da ya sa tasha ta zama tasha shi ne lasisi da zangon da aka ba ta, kuma wannan yana hannun hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992 zamanin Babangida. Kafin nan gwamnati kaɗai ke da rediyo a ƙasar nan, sai a 1994 Raypower ta marigayi Raymond Dokpesi ta fara watsa shiri a Legas, mu nan Arewa kuma a 2003 muka ji Freedom daga Kano, wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda aka riƙa mamakin ana sukar gwamnati a rediyo da rana tsaka. Tsarin mulki ma a sashe na 39 cewa ya yi in ba gwamnatin tarayya ko ta jiha ba, ba mai mallakar tasha sai da amincewar shugaban ƙasa. Lasisin shekara biyar yake yi a sabunta, ba a miƙa wa wani shi sai hukumar ta sani ta yarda, sannan doka ta hana a ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini.

To amma kada wannan ya kwantar maka da hankali fiye da kima. Doka ta hana jam'iyya, ba ta hana ɗan siyasa a karan kanshi ya zama mai kamfani ba, kuma lasisi kamfani ake ba, shi kuma kamfani ana iya sayen hannun jarinshi a hankali, yau kashi ashirin gobe talatin da sunan ƙane ko yaron gida, sunan tasha yana nan taken buɗe tasha yana nan amma mai faɗa a ji ya canza. Wannan na faruwa, ban ce ba ya faruwa ba.

Sai dai ni abin da ka lissafo ya fi yi mini kama da yunwa fiye da sabon maigida, kuma nan ne nike so ka tsaya da ni. Tashar FM ba ta da wani abin sayarwa sai lokaci, awa da minti. Na'urar da ke tura murya sama tana shan wuta ba ƙaƙƙautawa kuma dole a sa mata sanyi, ga situdiyo, ga albashi, ga kuɗin lasisi, in ba wuta sai janareta, kuma kowa ya san yadda man gas ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, aka zo aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin zirga-zirgar 'yan rahoto ya ninka, a Afrilun 2024 kuma masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, suka wayi gari kuɗin wutarsu ya koma naira 225 kowane yunit. A ɗaya ɓangaren manyan kamfanonin da ke ba da talla mai tsoka, na waya da bankuna da masu taliya da sabulu, ofisoshin tallarsu suna Legas, in za su waiwayo Arewa Kano da Kaduna da Abuja suke fara dubawa, abin da ke isowa Katsina ragowa ne, wani kason ma ya tafi Facebook da TikTok. Ka tuna a Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan biyu da rabi kafin daga baya ta janye, har da manyan gidaje a ciki. To ina ga ƙaramar tasha?

Yanzu ka sa kanka a kujerar manaja. Filin noma ba wanda ya ɗauki nauyinshi, sai ma tashar ta biya kuɗin motar malamin gona da zai zo daga nesa. Ga mai magani ya zo da kuɗi a hannu yana son awa guda kullum na wata uku, ga ɗan siyasa ya turo yaranshi da kuɗin minti talatin kowane dare. Wanne zai ɗauka alhali ƙarshen wata ya matso ma'aikata na kallonshi? Shi ya sa nike ce wa mutane, ɗan siyasa ba ya ma buƙatar ya sayi tasha, ya sayi awoyin da mutane suka fi saurare ya ishe shi, ya fi mashi araha kuma ba ruwanshi da kuɗin gas. Wallahi wannan ya fi damuna a kan cinikin da ake raɗe-raɗi, saboda ciniki ko ba jima ko ba daɗe sai ya fito fili, amma tashar da aka yanka aka sayar awa-awa har yanzu kana ɗauka taka ce.

Maganar maida ta kiɗa zalla da Turanci kuwa, ban ga mai hankalin da zai zuba kuɗinshi a Katsina ya yi haka ba. Wanda ke riƙe da rediyo a nan manomi ne a Batagarawa da Rimi, da direban Jibiya, da matan aure a cikin gida, da ire-irenka masu sana'ar hannu. Samarin da ke son wancan kiɗan suna da shi cike da waya. Irin wannan juyin na dare ɗaya a Amurka aka san shi, inda bayan dokar sadarwa ta 1996 ta sassauta iyakar mallaka kamfani ɗaya mai suna Clear Channel ya tara tashoshi sama da 1,200, mutane su kwana da tashar garinsu su tashi da shirin da aka naɗo daga wani birni mai nisa. Mu ba mu kai nan ba, duk da akwai kamfanoni masu tashoshi a garuruwa da yawa da ke haɗa zango su watsa shiri ɗaya, kamar yadda Vision FM ke yi.

In kana son ka gane ko hannu ya canza da gaske, bar sauraren filin da aka biya, saurari labarun da tashar ke haɗawa da kanta. Wa aka daina ambata da laifi? Wane ɓangare aka bar gayyata? In an buɗe layi ana katse mai kira da zarar ya ambaci wani suna? In ka ga an sauya manaja da shugaban sashen labaru a wata ɗaya, tsofaffin muryoyi sun fita a tare, to akwai magana. In kuwa mutum ɗaya ne ya tafi, yawanci albashi ne. Kuma ka sa wani yaro mai waya ya duba maka sunan kamfanin a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, tun bayan dokar kamfanoni ta 2020 wajibi ne kamfani ya bayyana masu babban iko a cikinshi.

Filin noman nan kuma kada ku bar shi ya mutu a bakin majalisa. Ku rubuta takarda ku sa hannu ku ashirin ko talatin ku kai wa shugaban shirye-shirye, takardar nan ita zai ɗauka ya nuna wa dillalin taki ko mai sayar da iri ya ce ga masu saurare, ku ɗauki nauyi. Ƙungiyarku ta teloli ma in ta haɗa kuɗin sanarwa biyu a sati ta ce a cikin filin take so a sa, kun yi abin da surutun shekara ba zai yi ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mahaifinmu a Daura ya saba jin Muryar Amurka ta FM da asuba, tun bara ya bar samu, ya dage wai masu tashar ne suka yi faɗa da Turawa. Haka ne? Daga ɗiyarku a Daura.

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, ki gaida Baba. Ki ce mashi ba faɗa aka yi ba, kuma ba daga nan matsalar take ba. A Maris na 2025 gwamnatin Trump ta ba da umarnin da ya sa aka dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa da ke aiki tun 1979 ya yi shiru, tashoshinmu da ke karɓo shirin suna sawa suka wayi gari da gurbi ba abin sawa. Wasu suka cike da kiɗa, wasu suka sayar da lokacin. BBC da DW da RFI suna nan, ki taimaka mashi ya gano tashar da ke ɗauko su da lokacin da ake sawa ki rubuta mashi a takarda ki liƙa a bayan rediyon.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibin aikin jarida ne, wani shiri da nike bi an ce hukuma ce ta sa aka cire shi ba masu tasha ba. Hukuma na da wannan ikon? Daga ɗalibi, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Ta taɓa yi ƙanena. A farkon 2022 NBC ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM ta kuma ci tashar tarar naira miliyan biyar, abin ya tada ƙura sosai. Amma a Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ta ce hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa cin tara. Abin lura a nan shi ne in hukuma ce ta rufe shiri akwai takarda, kuma tasha ba ta ɓoyewa don ita ma tana neman tausayin jama'a, za ka ji ta a labaru ko ka ga ƙungiyar 'yan jarida ta fitar da sanarwa. Shirin da ya ɓace shiru ba sanarwa ba takarda, wannan daga cikin gida ne, ko mai ɗaukar nauyi ya janye ko maigida ya ji tsoron ɓata wa wani rai. Tunda kai ɗalibi ne kada ka tsaya a an ce, ka sa rigarka ka tafi tashar da katin makarantarka, ka nemi ganin shugaban shirye-shirye ka tambaye shi kai tsaye, ka nemi jadawalin shirye-shiryensu na bara da na bana ka jera su gefe da gefe ka ƙirga awa nawa ce ta tashar, awa nawa ce ta waɗanda suka biya. In ka gama ka aiko mini da abin da ka samu, zan ba shi wuri a fitowa ta gaba.