Tambaya da Amsa: Shin rubutun makafi iri ɗaya ne a kowane harshe?

Tambaya: Ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma ina da ƙane makaho da ya ƙware a karanta rubutun makafi na Faransanci, yana kuma jin Ingilishi daidai gwargwado. Kwanan baya wani ɗan'uwanmu ya aiko masa da littattafan Ingilishi daga Kano, sai ya ce yana gane yawancin haruffan, amma a kowane layi yakan ci karo da alamomin da ba su ba shi ma'ana ba. Yanzu kuma yana son fara karatun Alƙur'ani da yatsa. Ashe rubutun makafi ba ɗaya ba ne a duniya? (Daga wata malama a Maraɗi)

Amsa: Malama, yatsun ƙanenki ba su yaudare shi ba, kuma littattafan ba su da aibi. Gurbin da ake rubutun a cikinsa ne ɗaya a ko'ina, amma abin da kowace alama take nufi ya danganta da harshen da ake rubutawa.

Louis Braille, Bafaranshen da ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya tsara wannan rubutu a 1824 yana ɗan shekara 15, aka fara buga shi a 1829. Kowane gurbi yana da mazaunin ɗigo 6 a layi biyu na tsaye, ana ƙirga 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa a hagu, sannan 4, 5, 6 a dama, kuma duk yadda aka jujjuya su ba a samun fiye da alama 63. Da haruffan boko 26 sun ɗauki nasu, saura 37 kaɗai za a raba wa alamomin tsayawa da na lamba da duk wani harafin da wani harshe ya keɓanta da shi. A kan waɗannan ragowar ne harsuna suka rabu, domin kowanne ya ɗebi abin da ya fi buƙata.

Ki sa ƙanenki ya taɓa alamar da ke da ɗigo 1, 2, 3, 5 da 6. Shi zai karanta ta a matsayin à, kamar yadda aka koya masa, amma a littafin Ingilishi mai taƙaitaccen rubutu tana wakiltar kalmar "of" sukutum, a Larabci kuma ita ce harafin ainun. Gurbin da aka cika ɗigonsa shida é ne a Faransanci, "for" a Ingilishi, sannan zha mai sanda, wato ظ, a Larabci. Haka ma ɗigo 1, 4 da 6: î ne ga Bafaranshe, "ei" ga Bajamushe, "sh" ga mai karanta Ingilishi, kuma a nan Larabci ya yi tarayya da Ingilishi, tun da shinun ake rubutawa da ita. Abin da ya fi ɗaure wa ƙanenki kai, a ganina, shi ne taƙaitawar Ingilishi, wadda ake kira mataki na biyu, inda harafi guda da ya tsaya shi kaɗai yake zama kalma, misali b ta zama "but". Kusan duk littattafan manya da ita ake buga su don rage yawan takarda. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi tsarin bai ɗaya na Ingilishi mai suna UEB, yayin da makarantun Nijar suke bin na Faransanci, shi ya sa Bahaushen Maraɗi da na Katsina za su iya taɓa alama guda su karanta abubuwa daban.

Duk da haka, bambancin bai kai na rubutun masu gani ba, kuma wannan ba dace ba ne. Wani taro da aka yi a Paris a 1878 ya amince a riƙe tsarin haruffan Faransanci, sannan a farkon shekarun 1950 hukumar UNESCO ta yi aikin daidaita rubutun makafi na harsuna da dama bisa sauti. Sakamakon haka, ɗigo 1 da 2 su ne b a boko, su ne ba a Larabci, su ne kuma harafin wannan sauti a Rashanci da Hindi. Japan ce ta bi wata hanya dabam tun 1890, lokacin da Ishikawa Kuraji ya raba gurbin biyu: ɗigo 1, 2 da 4 na wasali, 3, 5 da 6 na baƙi, ta yadda galibi gurbi ɗaya yake ɗaukar gaɓa guda. A Sin kuwa ba a kwaikwayon zanen kalmominsu masu dubbai, furucin ake rubutawa.

Game da Alƙur'ani, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne daga hagu zuwa dama ake karanta rubutun makafi na Larabci, saɓanin na masu gani. Haruffa ba sa canza siffa a farko ko tsakiya ko ƙarshen kalma, wanda sauƙi ne babba. Wasulla kuma, da yake babu yadda za a ɗora su bisa harafi ko ƙarƙashinsa, kowanne yana cin nasa gurbin bayan baƙinsa, dalilin da ya sa mushafin makafi yake zuwa cikin mujalladai da yawa masu kauri. Tun da ya riga ya saba da ɗigon b, t, d, r, l, m da n, ya samu rabon da ba kaɗan ba daga haruffan Larabci tun kafin ya fara.

Shawarata ita ce kada ya haɗa biyun a lokaci guda. Ku nemo masa jadawalin haruffan Larabci ya fara da shi a gaban malamin da zai saurari karatunsa ya gyara masa, domin alamomin tajwidi da na waƙafi sukan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu. Littattafan Ingilishin kuma, ku roƙi ɗan'uwan naku ya samo masa jadawalin taƙaitawar UEB daga wata makarantar makafi a Kano, ko kuma ya aiko da littattafan mataki na ɗaya, waɗanda ake rubuta kowace kalma harafi bayan harafi.