Amsa: Ina zan riƙa kwana da motar nan mai ɗakin kwana a Ingila?

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kan tambayarka ta inda za ka riƙa tsayawa da dare in ka ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin a ciki, don Allah kar ka ce kawai za ka faka a gefen titi, ƙananan hukumomi da yawa sun hana kwana a filin ajiye motocinsu kuma tara ce za ta biyo ka.

Abin da zan baka shawara shi ne ka yi rajista da Caravan and Motorhome Club, ƙungiyar masu irin waɗannan motocin, suna da wasu ƙananan wurare da ake kira CL, yawanci gonar wani ce ko filin bayan gidansa, mota 5 kacal aka yarda a lokaci guda shi ya sa ba hayaniya, kuma sai mamba. Za ka samu ruwan sha da wurin zubar da dattin banɗaki, amma wuta fa ba ko'ina ba, ka kira mai wurin tukuna.

Akwai kuma Brit Stops, wani tsari da masu wuraren kasuwanci ke barin mambobinsa su faka su kwana kyauta, sai dai da yawansu harabar mashaya ce, in da iyali kake ka zaɓi shagunan gona.